Tarihin Na'urar Ɗumama Abinci da Ciwon Zafinta a Zangunan Akara

Ɗumame tsohuwar kalma ce a bakin Bahaushe. Tuwon da aka ci da dare aka rage, idan gari ya waye sai a mayar da shi tukunya, a yayyafa masa ruwa, a zuba miyar jiya, a hura wuta kaɗan. Abin da ya fito shi ne ɗumame, kuma akwai dattawan da ke ganin ya fi sabon tuwo daɗi. Daga aikatau "ɗumama" aka samo sunan. Saboda haka da akwatin nan da Turawa ke kira maikirowef ya shigo gidajen Hausawa, ba a sha wahalar raɗa masa suna ba, aka ce na'urar ɗumama abinci, domin aikin da ta tarar ana yi shi aka ɗora mata.

A unguwannin Nima da Maamobi na birnin Akara, kamar a Kano ko Maraɗi, wannan na'ura tana da wani ciwo sananne. Za a kunna ta, ta yi minti uku ko biyar tana aiki lafiya, sai ta ɗauke ɗif. Wata takan nuna wasu haruffa da lambobi a fuskarta, wata kuwa fitilarta ce kawai za ta mutu. Idan aka taɓa bayanta sai a ji kamar dutsen guga. Bayan rabin sa'a ta huce, ta farfaɗo, ta sake yin abin da ta yi. Masu gyara kan ce ta ɗauki zafi. Ciwon ya girmi duk masu gyaran, domin tun ranar da aka ƙera na'urar take fama da shi, hanyar da ta biyo kafin ta iso kasuwar Makola kuma ta ƙara masa ƙarfi.

Zango da kasuwa

Kalmar zango a asali masaukin ayari ce, wurin da fatake ke sauke kaya su kwana kafin su kama hanya. Fataucin goro ne ya kai Hausawa ƙasar Gwanja, inda garin Salaga ya zama babbar mahaɗa tsakanin Kano da dazuzzukan Asante. Yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kumasi da Kete-Krachi da garuruwan gaɓar teku. Kafin nan ma akwai Hausawa a Akara, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara: malamai da mahauta da 'yan kasuwa, da kuma sojojin da Turawan Ingila suka ɗauka a yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874. A 1877 aka mayar da Akara hedikwatar mulkin mallaka.

Zangon farko na birnin, wanda ake dangantawa da Malam Naino, yana tsakiyar gari ne, a wurin da yau ake kira Zongo Lane. Da wurin ya cika, ɗansa Malam Bako ya jagoranci jama'a suka kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, lokacin da wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili a hannun 'yan ƙabilar Ga masu ƙasar. Maamobi tana maƙwabtaka da ita. Mazauna waɗannan unguwanni daga ƙabilu da dama suka fito, Dagomba da Mosi da Kotokoli da Zabarmawa da Yarabawa da sauransu, amma Hausa ce ta zama harshen ciniki da na masallaci. Ɗalibi zai lura cewa Hausar can, wadda ake kira Gananci, ba ta cika bambanta jinsin namiji da na mace ba, don haka na'urar da Bakano zai ce "ta mutu", ɗan Nima yana iya cewa "ya mutu".

Abincin zango ya shiga cikin jama'ar Gana da sunayensa na Hausa. Waakye daga wake ne, wato shinkafa da wake. Koko da ƙosai su ne karin kumallon birnin, har ana cewa Hausa koko. Tuo zaafi kuwa tuwon zafi ne, abincin da sunansa ma ya faɗi yadda ake son a ci shi. Jama'ar da ke da irin wannan abinci, suke kuma fita kasuwa tun asuba su dawo bayan magariba, ba abin mamaki ba ne idan suka karɓi akwatin da ke mayar da tuwo mai sanyi ya yi tururi cikin minti biyu.

An buɗe kasuwar Makola a 1924, ba nisa da tsohon zangon, ta zama cibiyar cinikin birnin, mata kuma su ne ƙashin bayanta. Ranar 18 ga Agusta 1979, gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta sa aka rushe ta, bisa zargin matan kasuwa da ɓoye kaya da tsauwala farashi, abin da ake kira kalabule, kalmar da 'yan Gana da yawa ke cewa daga Hausa aka aro ta. Filin ya koma wurin ajiye motoci. Ciniki dai bai mutu ba, ya malala ne cikin titunan da ke kewaye. Zongo Lane, inda malamai suka fara sauka, ta zama layin kayan lantarki da ƙananan sassansu. Can mai gyara daga Nima zai je neman fanka ko fiyus idan na'urar ɗumama abinci ta gagare shi.

Asalin na'urar

Zuciyar wannan na'ura wani ƙarfe ne mai girman dunƙulen hannu da ake kira magnetiron, kuma don yaƙi aka yi shi. A watan Fabrairun 1940, a Jami'ar Birmingham ta Ingila, masana biyu, John Randall da Harry Boot, suka ƙera samfurin da ke iya fitar da gajerun igiyoyin rediyo masu ƙarfi sosai, waɗanda ake harbawa sama su dawo da labarin jiragen abokan gaba. A wannan shekarar aka kai shi Amurka, inda kamfanin Raytheon ya shiga ƙera shi da yawa. Wani injiniyan kamfanin, Percy Spencer, ya lura a 1945 cewa alewar cakulan da ke aljihunsa ta narke yayin da yake tsaye kusa da na'urar. A watan Oktoban shekarar aka nemi rajistar dafa abinci ta wannan hanya.

Ta farko da aka sa a kasuwa a 1947, mai suna Radarange, ta kai tsayin mutum, nauyinta kusan kilo 340, kuma sai an haɗa mata bututun ruwa, domin da ruwa ake sanyaya magnetiron ɗinta kamar injin mota. Wannan shi ne mabuɗin duk tarihin. Tun ranar farko, babbar matsalar masu ƙira ita ce yadda za a fitar da zafin da na'urar ke haifarwa a jikinta. Sai da aka sami magnetiron da iska kaɗai ke iya sanyayawa kafin ta ƙanƙance. A 1967 kamfanin Amana, wanda Raytheon ya saya shekaru biyu kafin nan, ya fito da ta ɗorawa kan tebur a kan dala 495. Daga nan kamfanonin Japan suka karɓa, sannan na Koriya, sannan na Sin, farashi ya yi ta sauka.

Magnetiron yana fitar da igiyoyi masu kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa guda. Ruwan da ke cikin abinci yana shanye su ya yi zafi. Amma ba duk wutar da na'urar ta ja ce ke isa ga abinci ba. Wadda ke jan wat 1,200 daga bango takan ba abinci 700 zuwa 800 ne kawai. Saura ɗari huɗu ko biyar ɗin suna zama zafi a jikin magnetiron da taransifoma, a cikin ɗan lungun da bai fi akwatin takalmi ba. Abin da ke tsakanin wannan zafi da gobara shi ne ƙaramar fanka guda, da 'yan ramukan shan iska a gefe da baya, da wani ɗan maɓalli mai kama da kwabo da ke manne a jikin magnetiron. Idan zafi ya wuce ƙima, maɓallin ne ke yanke wuta. Wato abin da mai na'ura ke gani a matsayin lalacewa, sau da yawa na'urar ce ke ceton kanta da gidan da take ciki.

Wuta da kayan gwanjo

Hausa ta yi amfani da kalma guda ga abin da ke ci a murhu da abin da ke gudana a waya: wuta. Tarihin ta biyun a Gana ya rataya ne a kan madatsar ruwan Akosombo, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a watan Janairun 1966, wata guda kafin a kifar da shi. Kaso mafi tsoka na wutarta a farko kamfanin narka sanholo na Valco da ke Tema ne ya riƙa sha. Duk lokacin da fari ya janye ruwan tafkin Volta, kamar a 1983 da 1998 da 2007, sai a shiga rabon wuta. Daga 2012 zuwa wajen 2016 abin ya yi tsanani har ya sami suna daga harshen Twi, dumsor, wato kashe da kunna. A unguwanni masu cunkoso kamar Nima, inda gida guda ke ɗauke da ɗakunan haya goma ko fiye, wutar takan raunana da yamma lokacin da kowa ya kunna kayansa. Idan ta raunana, abinci ba ya ɗumi da wuri, sai a ƙara minti a kan minti, fanka kuma tana juyawa a sanyaye.

Ita kanta na'urar ta wata ƙofa ta shigo. Bayan 1983, lokacin da gwamnatin Rawlings ta rungumi tsarin Asusun Lamuni na Duniya ta sassauta shigo da kaya, tashar jiragen ruwa ta Tema ta cika da kwantenonin kayan da aka yi amfani da su a Turai da Amurka. A waɗannan shekarun ne kuma matasan Gana, ciki har da 'yan zango, suka bazu ƙasashen waje. Wanda ya je ya dawo ana ce masa boga, daga sunan birnin Hamburg na Jamus. Su ne suka riƙa aiko da firji da talabijin da na'urar ɗumama abinci, wasu kyauta ga iyaye, wasu don sayarwa. 'Yan Gana na kiran irin wannan kaya hom-yus. Bahaushen Nijeriya zai ce kayan gwanjo, ko na hannu, idan mota ce kuma 'yar Kwatano. Mutane da yawa sun fi yarda da tsohuwar Turai a kan sabuwa mai araha, suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba kullum suke kuskure ba.

Sai dai kaya kan zo da halin ƙasarsu. Wutar Gana bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin ta Ingila, har filogin ma iri ɗaya ne. Na'urar da ta fito daga Ingila ko Jamus tana zama lafiya. Ta Amurka kuwa an yi ta ne don bolt 120 mai juyawa sau 60. Idan aka soka ta kai tsaye a bango, nan take za ta ƙone. Don haka ake saya mata taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kuma a nan ne wayon ya tsaya rabin hanya, domin taransifomar tana rage bolt amma ba ta canza yawan juyawa. Fankar da aka tsara don 60, idan ta sami 50, gudunta na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Babbar taransifomar cikin na'urar kuma tana ƙara ɗaukar zafi. Zafi ya ƙaru, iska ta ragu. Irin wannan na'ura za ta yi ta ɗaukewa komai ƙwarewar mai gyara, domin ciwon a takardar haihuwarta yake, wadda ke manne a bayanta ga mai son karantawa.

Ga kuma yanayi. An gwada waɗannan na'urori ne don ɗakunan girki masu sanyi. A Akara zafin rana kan haura digiri 30, a ɗakin kwano ko shagon kwantena kuma ya fi haka nesa. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ramukan iska, ta haɗu da tururin manja da man gyaɗa, ta zama wani dasƙararren abu a kan fukafukan magnetiron. Kyankyasai na son ɗumin wurin. Matan gida masu tsafta kan ƙara nasu ba da niyya ba: a lulluɓe na'urar da kyakkyawan ƙyalle don ƙura, a jera kwanukan samira a kanta, a manna ta da bango saboda ɗaki ya yi kaɗan.

Yadda ake bin ciwon

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da sukudireba. Tambaya yake farawa da ita: "Hajiya, a ina kike ajiye ta, kuma minti nawa take yi kafin ta ɗauke?" Amsar takan raba ciwon gida biyu. Idan tana farfaɗowa da kanta bayan ta huce, maɓallin zafi ne ke aikinsa, sai a nemi abin da ke sa shi aiki. Idan ta mutu ba ta sake tashi ba, to akwai yiwuwar fiyus ɗin zafi ne, irin wanda ke narkewa sau ɗaya, ko kuma babban fiyus. Haruffan da wasu ke nunawa a fuska kowane kamfani da nasa, ba a karanta na wannan da littafin wancan.

Akwai abin da mai na'ura zai iya yi da kansa ba tare da ya kwance komai ba. Ya cire filogi. Ya janye ta daga bango ya bar mata tazarar tafin hannu ko fiye a baya da gefe, ya sauke duk abin da ke kanta, ya raba ta da murhun gas. Ya goge ramukan iska da busasshen buroshi. Ya duba wani ɗan faifai mai kama da kwali a bangon ciki, wanda ke rufe ƙofar da igiyoyin ke fitowa. Idan miya ta fantsama a kansa ta ƙone, yakan yi baƙi ya riƙa tartsatsi, kuma sauya shi ba shi da tsada. Ya soka na'urar a bango kai tsaye, domin siririyar wayar ƙari tana zafi tana kuma rage wuta. Sannan ya sa kofin ruwa a ciki ya kunna, ya kai hannu kusa da ramukan: idan ba iska mai fita, ko yana jin ƙarar gurnani, fanka ce.

Kofin ruwan nan wajibi ne. Idan aka kunna na'urar babu komai a ciki, ko da ɗan abu busasshe kamar kilishi, igiyoyin ba su da inda za su sauka, sai su koma kan magnetiron su gasa shi. Da ruwa kuma ake auna lafiyarsa. A zuba lita guda a kwanon gilashi, a auna ɗuminsa, a kunna minti ɗaya cif da cikakken ƙarfi, a motsa a sake aunawa. Duk digiri guda da ya ƙaru daidai yake da kimanin wat 70. Na'urar da aka rubuta mata 700 ya kamata ta ƙara kusan digiri 10. Idan huɗu ko biyar ta ƙara alhali wutar gida na da ƙarfi, magnetiron ya tsufa, tsohon magnetiron kuwa abinci kaɗan yake ɗumamawa, jikinsa yake ƙonawa.

Masu sayar da abinci suna da nasu ciwon daban. Na'urar gida an yi ta ne don a ɗumama kwano biyu ko uku ta huta. Idan aka ɗora ta a shago tana aiki daga azahar zuwa la'asar ba hutawa, za ta ɗauke ko da sabuwa ce fil. Maganinta a bar ƙofar a buɗe na 'yan mintoci tsakanin kwano da kwano, ko a sayi irin ta 'yan kasuwa mai manyan fankoki.

Daga nan aikin ya fita hannun mai gida. A cikin murfin akwai taransifomar da ke ɗaga wuta zuwa kusan bolt 2,000, da wani gwangwani da ake kira kafasita wanda ke taimakawa a ninka ta. Gwangwanin na iya riƙe wuta bayan an cire filogi, kuma wutar ta isa kisa. Mai gyara yakan sauke ta tukuna kafin ya taɓa wani abu. Sannan ya wanke fukafukan magnetiron, ya gwada fanka, ya auna maɓallin zafi, ya sauya abin da ya mutu da irinsa mai lamba ɗaya.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi, kuma ita ce mafi muni a duk wannan sana'a: a cire maɓallin zafi a haɗe wayoyinsa biyu. Na'urar za ta daina ɗaukewa, mai ita ya biya kuɗi kaɗan ya tafi yana godiya, alhali an cire mai gadi ne an bar ɓarawo a ciki. Araha ba ta ado. A gidan haya na Nima, inda ɗaki ke jingine da ɗaki kuma lunguna ba sa ɗaukar motar kashe gobara, wannan ba hasarar mutum ɗaya ba ce. 'Yan kasuwar tsakiyar Akara sun san abin da wuta ke yi: wani bene a Makola ya ƙone a watan Yulin 2021, babban ɓangaren kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke kusa kuma ya ƙone ƙurmus a farkon Janairun 2025.

Ƙarshen tafiya

Na'urar da gyaranta ya fi kuɗinta takan faɗa hannun masu tura kura suna sayen ƙarafa. Shekaru da yawa makomarta Agbogbloshie ce, a bakin tafkin Korle, inda matasa, yawancinsu daga arewacin Gana, ke fasa kayan lantarki su ciro jan ƙarfe. Fanka da maɓalli da magnetiron masu sauran rai kan dawo hannun masu gyara, su shiga cikin wata na'urar. Majalisar Gana ta yi dokar sharar lantarki a 2016, hukuma kuma ta rushe filin na Agbogbloshie a farkon Yulin 2021, sana'ar ta warwatsu zuwa wasu unguwanni.

Ta ɓangaren shigowa ma ƙofa na ƙara tsukewa. Tun Janairun 2013 aka haramta shigo da tsofaffin firji, kuma ƙa'idojin da Hukumar Makamashi ta Gana ta samar a 2022 sun faɗaɗa sharuɗɗan inganci zuwa wasu kayan gida, ciki har da na'urar ɗumama abinci. Masu shigo da hom-yus sun yi ƙorafi cewa za a kashe musu sana'a. Sababbin da ke cika shagunan Makola yanzu an yi su ne don bolt 230, don haka ciwon 'yar Amurka ba ya kama su. Wasu daga cikinsu ma ba su da tsohuwar taransifoma mai nauyi, wani allon lantarki ne a madadinta, wanda ba ya jure hawa da saukar wuta, kuma idan ya ƙone sau da yawa sai dai a sauya shi ɗungurungum. Yaron da ke koyon gyara a Zongo Lane yau yana buƙatar sanin nau'o'in biyu, domin tsofaffin da boga suka aiko shekaru ashirin da suka wuce har yanzu suna ɗumama tuwo a Maamobi.